Kwabon da Ummi Ba Ta Haɗiye Ba

Ummi ta warke, alhamdu lillahi. Da wannan zan fara, don kada mai karatu ya shirya yi mini ta'aziyya. Amma har gobe in na tuna yadda jinyarta ta kasance, sai haushi ya kama ni. A unguwarmu nan Sabon Birni har yanzu "mai kwabo" ake ce mata. To, ba ta haɗiyi kwabo ba. Ba ta haɗiyi komai ba. Na gaji da yi wa mutane bayani ɗaya bayan ɗaya a gidan suna da wurin niƙa, shi ya sa na rufe keken ɗinkina na zauna na rubuta, ko wata uwar ta tsira daga abin da ya same mu.

Ummi ita ce ta uku a wurina, lokacin ba ta cika shekara biyu ba. Sunan uwar mijina aka sa mata, don haka ba mai iya kiran sunan a gidan, sai Ummi. Ita kuwa tsohuwar, Inna, "Takwara" take ce mata. Tun da zaman ƙauye ya gagara Inna ta baro Gangara ta dawo wurinmu, kuma tun da aka yaye Ummi ta zama tata. Kwano ɗaya suke ci, tabarma ɗaya suke kwana. In na tsawata wa yarinyar, bayan Inna take gudu ta leƙo ni tana dariya. Da haƙora suka fara wahalar da ita, Inna ta kai wa baduku aiki ya ɗinko 'yar laya ta jar fata, ta rataya mata a wuya da gajeren zare, ta ce ba a cirewa sai haƙoran sun gama fitowa. Ban tambayi abin da ke ciki ba. Wa ke tambayar surukarsa abin da ke cikin laya?

Lokacin yankan gero ciwon ya zo. Mura ce da farko, sai ɗan zazzaɓi, irin wanda kowace uwa ta saba da shi. Na ba ta maganin zazzaɓi na ci gaba da ɗinkina. Sai muryarta ta dishe, in ta yi kuka iska kawai ke fita. Daga nan tari ya biyo baya, irin wanda ban taɓa ji a bakin ɗan mutum ba, busasshe mai ƙara kamar haushin ɗan kwikwiyo. Da na faɗi haka Inna ta harare ni ta ce in iya bakina. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jan numfashin. In za ta shaƙi iska sai a ji wani ƙugi daga maƙogwaronta, ramin wuyanta ya lotsa ciki. Da dare abin ke tsananta, gari na wayewa ya lafa, har ta sauko ta yi wasa. Duk wanda ya zo dubiya da hantsi sai ya ga kamar ni ce mai zuzutawa.

Da na ga dare na bi dare abin na ƙaruwa, na ce wa Baban Ummi ni kam asibiti za ni. Muka tafi wani ɗan asibitin kuɗi da ke kusa da mu. Wanda ya duba mu ba likita ba ne, amma a nan duk mai farar riga likita muke ce masa. Ya ji ƙugin, ya ɗaga kai ya ce, "Ta haɗiyi wani abu?"

Na ce ban gani ba.

"Ba ki gani ba, ko ba ta haɗiya ba?"

Wace uwa ce za ta dafa Alƙur'ani a kan abin da yarinya mai yawo a tsakar gida ta sa a baki? Ya ce shi ba zai ba da ko ƙwaya ɗaya ba sai ya ga hoton wuyanta, kuma hoton sai an je garin Isa. Muka fito hannu rabbana, yarinya na ƙugi a kafaɗata.

Washegari muka shiga mota ni da Inna da Baban Ummi. Wurin ɗaukar hoton wani shago ne na kuɗi, ba zan faɗi sunansa ba, mai shi ya san kansa. Ba wuta, kuma ba ya tayar da janareta sai mutane sun taru da yawa. Muka zauna a benci tun hantsi, da mai karyayyen hannu, da tsoho mai tarin jini, da mu. Na je na roƙe shi ya dubi halin da yarinyar take ciki. Ko kallonta bai yi ba, ya ce kowa da ke wurin ba lafiya ce ta kawo shi ba. Sai bayan azahar aka ja janareta, daga nan kuma aka shiga kora mu kamar awaki a mashaya.

Da aka zo kanmu na kama rigar Ummi na ce, "Malam, in ɗebe mata riga?"

"Hajiya, aje ta hakanan. Mai za shi ƙarewa, ga mutane na jira."

Na kwantar da ita da rigarta, da layarta a ƙarƙashin rigar, yadda ta fito daga gida. Tana ta mutsu-mutsu, babanta ya danne ƙafafu, ni na riƙe kai. Ƙit, hoto ɗaya ya ɗauka, ta gaba kawai. Ya ce mu fita.

Da hoton ya fito, ya ɗaga shi wajen taga. Ko ni da ban san komai a aikin ba na gani: wani abu fari fat, zagayayye, zaune daidai maƙogwaronta.

"Kwabo na," in ji shi. "Ku tahi Sakkwato yanzun ga, aiki za a yi mata. Kak ku ba ta komi ta ci."

Na zauna a ƙasa a gaban mutane, ina jin kalmar "aiki" tana yawo a kaina. Wuƙa a wuyan yarinyar da ko magana ba ta gama koya ba.

Cewa "yanzun ga" a baki ba wuya. La'asar ta riga ta yi, kuma duk wanda ya san ƙasarmu a 'yan shekarun nan ya san ba direban da zai kama hanyar Sakkwato da yamma, ko me za a ba shi. Muka sauka gidan yayar Baban Ummi da ke aure a Isa. Da safe muka je tasha, aka ce an ji motsin ɓarayin daji a hanya, ba motar da za ta tashi. Muka dawo da kayanmu. A zaman jiran nan ne aka yi wa 'yata abin da ya fi ciwon kansa illa.

Kafin ka ce me, gidan ya cika da mata, hoton na yawo daga hannu zuwa hannu, kowa na ɗaga shi sama tana salati. Sai aka shiga binciken inda kwabo ya fito, tunda dai rabonmu da ganin kuɗin ƙarfe a kasuwa an daɗe. Wata ta tuna Baban Ummi na kai albasa Maraɗi, kuma can har yanzu ana kashe sefa ta ƙarfe. Shi ke nan, an sami mai laifi na farko. Bawan Allah ya juye aljihunsa, ya sami 'yan ƙarafa, ya fita da su ya watsar a bayan gida, ya dawo ya zauna bai ƙara ɗaga kai ba. Mai laifi ta biyu ni ce. A gabana wata ta ce, "Matan zamanin ga, in sunka hau keken ɗinki ko ɗiya na cin wuta ba su sani." Na haɗiye, don a gidan dangin miji nake.

Sai magani. Wannan ta ce a ba ta yauƙin kuɓewa kwabon ya sulale. Waccan ta ce man shanu mai ɗumi. Wata ta ce babbar lomar tuwo ita ke tura shi ƙasa, an yi wa ɗan maƙwabcinta haka. Na ce mai hoto ya ce kada a ba ta komai. Aka ce mai hoto ya taɓa haihuwa? Aka karɓe ta daga hannuna. Aka ɗura mata kuɓewa tana shaƙewa, aka bi da man shanu. Aka kama ƙafafunta aka zazzago kanta ƙasa ana bubbuga bayanta. Duk lokacin da ta yi kashi, sai a sa tsinke a tona ana neman kwabo. Kuma duk kukan da ta yi, sai ƙugin ya ƙaru.

Inna ba ta cikin masu surutu. Tana gefe tana jan carbi, hawaye na bin fuskarta. Can da ta ga leɓen yarinyar ya fara sauya launi, ta miƙe ta ce, "Ku ba ni Takwara. Ba ni zama ina kallo a yanka ta." Ta ɗora ta a cinya, ta matse ta da gwiwa, ta buɗe mata baki da ƙarfi, ta tura yatsa har can ciki tana lalube. Ummi ta sandare, idonta ya juye. Da yatsan ya fito, da jini ya fito. Na yi ihu na fizge 'yata, na shige ɗaki na sa sakata. Ban ƙara buɗe wa kowa ba sai da aka ce motoci sun fara lodi.

Hanyar Sakkwato ban san yadda muka bi ta ba. Na dai san kunnena na kan bakinta tun daga Isa, ina sauraron ko iskar na shiga. Jikinta ya yi zafi rau, ta daina ko yunƙurin kuka. An sayar da tunkiyata ta waya muna cikin mota, ban ma tambayi yadda aka sayar ba.

A babban asibitin da muka je, nan ma layi ne, amma Allah ya haɗa mu da wata likitar yara, 'yar siririya mai gilashi, Hausarta ba irin tamu ba. Tana wucewa Ummi ta yi tarin nan. Ta tsaya cak, ta juyo ta ce, "Wace yarinya ce wannan? Ku shigo da ita." Ba ta ko karɓi hoton da Baban Ummi ke miƙa mata ba. Ta ce kada a raba ta da ni, in zauna in rungume ta, kowa ya daina taɓa ta, don kuka na ƙara mata ciwon. Aka yi mata allura, aka kara mata wata roba a hanci da baki mai fitar da tururin magani, aka haɗa ta da iska. Ban yi zaton zan ga sauƙi da idona a zama ɗaya ba, amma kafin a kira sallah ƙugin ya ragu, ramin wuyanta ya daina lotsawa sosai, ta yi barci a ƙirjina. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ya jiƙan iyayenta.

Sai a lokacin ta ɗaga hoton. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan kwabon ai da huji a tsakiyarsa. Sefa ba ta da huji. Irin wannan tun kafin a haife ni aka daina kashe shi." Ta matso ta ɗaga wuyan rigar Ummi a hankali, ta kama layar, ta matsa ta da yatsu biyu.

"Mama, me ke cikin wannan?"

Inna ta ce, "Rubutu na, na haƙori. Da kwabon uwata mai huji, shi aka sa muna tun muna ƙanana."

Baban Ummi ya dafa bango.

Likita ta ce, "Da wannan a wuyanta aka ɗauki hoton?"

Na ce da shi.

Inna ta dube ni, ta dubi likita, ba ta gane abin da ya sa muke kallonta ba. Ta ce, "Yo ɗiyata, wanga ai waje shike. Ba cewa anka yi injin ciki shika gani ba?"

Wallahi da gaskiyarta ta faɗa. Kwana da kwanaki ana kiran kwabo a gabanta, ko sau ɗaya tunaninta bai je kan layar ba, don a saninta na'urar tana tsallake fata ne ta ɗauko abin da ke ciki kaɗai. Likita ta yi mata bayani da girmamawa, cewa hasken ratsa komai yake yi, ƙarfen da ke kan fata da wanda ke cikin maƙogwaro duk iri ɗaya suke fitowa. Ta nemi izinin cire layar. Inna ta sa hannu da kanta ta kwance zaren.

Aka sake hoto, wannan karon ba riga, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe. Ba kwabo, ba alamarsa. Likita ta kira mu ta nuna mana wani baƙin layi da ya sauko ta tsakiyar wuya, ta ce hanyar iska ke nan. A yaro mai lafiya faɗinta kusan ɗaya ne har sama. Ta Ummi kuwa, tana zuwa ƙasan maƙogwaro sai ta tsuke ta yi tsini kamar bakin fensir da aka fere. Ta ce kumburi ne, ƙwayar cutar mura ke kawo shi ga ƙananan yara, sunansa kuruf. Sunan ya zauna mini daram, ko a barci aka tashe ni zan faɗe shi.

Sannan ta ɗauko hoton Isa ta jera su. Ta sa bakin biro a saman kwabon. Ga tsinin nan, ɓaro-ɓaro. Yana nan tun ranar farko. Farin ƙarfe ya ɗauke wa kowa ido, har da wanda aikinsa ke nan.

Na tambaye ta, da ba a sami hoton ba fa? Ta ce yawanci wannan ciwon ba ya ma bukatar hoto, kunne ke gane shi, tarin da ƙugin sun isa. Maganin da ta yi mata allurarsa kuma ba wani abin nema ba ne, da wuya a rasa shi a kemis ɗin garinmu. Na ji kamar in kurma ihu a tsakiyar asibitin. Wato da mai farar rigar nan ya saurari tarin da kyau, da a ranar za mu koma gida in dafa tuwon dare.

Kuruf ɗin bai daɗe ba ya sake ta. Abin da ya riƙe mu a asibiti fiye da mako shi ne aikin hannunmu. Kuɓewa da man shanun da aka ɗura mata sun bi ta hanyar iska sun sauka a huhu, suka zama ciwon haƙarƙari. Can cikin maƙogwaro kuma ga ciwon farce, ya hana ta haɗiyar ko ruwa, sai ta jijiya ake ba ta. Da likita ta haska ta gani, ranta ya ɓaci, ta ce, "Wa ya sa mata hannu a nan?" Ni da Baban Ummi muka sunkuyar da kai. Inna daga bakin ƙofa ta ce, "Ni ta." Daga ranar ba ta sake shigowa ɗakin ba. A baranda take wuni, tana wanke zannuwan Ummi, wanda ya yi datti da wanda bai yi ba.

Bayan mun dawo, Baban Ummi ya ɗauki hotunan duka ya tafi Isa. Na so in bi shi, ya hana, don ya san bakina. Ya nuna wa mai hoton. Mutumin ya duba, ya miƙo masa, ya ce, "Ni hoto anka ce in ɗauka, kuma na ɗauka. Ku da kunka rataya mata ƙarhe, mi ya hana ku hwaɗi? Allah shi kiyaye gaba." Ko "sannu" babu. Na ji an ce shagon na nan, benci cike.

Ni ce na tambayi mai hoton nan in cire riga. Da bakina. Abin da ba zai ɗauke shi ko tsawon shan ruwa ba. Wannan ne na kasa yafewa, kuma ban ɓoye ba, na bar shi da Allah. Matan da suka ce keken ɗinki ya ɗauke mini hankali kuwa, sun zo barka da kwanon fura, ba wadda ta tuna ta faɗi wani abu.

Don haka 'yan'uwana mata, ga abin da na saya da tsada nake ba ku kyauta. In yaro ya dishe, yana busasshen tari mai ƙara, yana ƙugi in zai ja numfashi, ku rungume shi, ku hana shi kuka iyakar iyawarku, ku kai shi wurin wanda zai saurara da kunnensa. Kada a ɗura masa komai, kada kowa ya sa masa yatsa, ko da uwar da ta haife ku ce. In an ce hoto, ku tuɓe shi tsaf, riga da laya da guru da ɗan kunne, ko mai hoton na zagin ku. Ku mayar masa in an gama, ba wanda ya hana.

Muryar Ummi ta dawo sannu a hankali. Yanzu tana gudu, tana ci, tana ƙwace wa yayyenta abin hannunsu, numfashinta shiru kamar na kowa. In tana barci nakan tsaya in saurara, in ji ba komai, in gode wa Allah.

Abu ɗaya ne bai dawo ba. Ranar da muka iso gida Inna ta dama fura da nono mai kyau, ta zauna a tabarmarsu, ta miƙa hannu ta ce, "Taho, Takwara." Ummi ta tsaya ta dube ta. Sai ta ɗaga hannayenta biyu ta toshe bakinta, ta ja da baya har ta jingina da ƙafata. Muka ce ai kwana biyu ne, za ta manta. An gama kaka an yi sanyi, ga zafi ya shigo, ba ta manta ba. Ko muryar Inna ta ji daga zaure, hannu na kan baki.

Na yi lallashi, na yi faɗa, har ɗaukarta na yi zan ɗora a cinyar tsohuwar. Inna ta ce, "Bar ta, kak ki sa ta kuka. Likita ta ce kuka ba shi da kyau gare ta." Yanzu in za a ba Ummi abinci, Inna da kanta take tashi ta shige ɗaki ta saki labule, don yarinyar ta iya buɗe baki.